Wasiƙa daga Jidda: Aikin mai farautar mawaƙa da na furodusa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi bayani a kan sana'ar da matasanmu na Jidda da Makka da Madina suka fara rububi, wato nemo wa kamfani mawaƙa da shirya musu waƙa a situdiyo. Tun da aka kafa Hukumar Nishaɗi ta Saudiyya a 2016, aka biyo da Hukumar Kiɗa a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu a 2020, abin da a da ake yi a ƙuryar ɗaki ya zama aiki mai lasisi da ofis. Kamfanin MDLBEAST ya fara babban bikinsa na kiɗa a Riyad a Disambar 2019, daga baya ya buɗe sashen fitar da waƙoƙi, Warner Music kuma ya sayi hannun jari a Rotana, kamfanin waƙoƙin Larabci, a 2021. Yaro ya ga haka sai ya sayi kwamfuta da makirfo, ya rubuta "furodusa" a ƙarƙashin sunansa a Instagram. Amma waƙoƙin da ke mutuwa a hannun yaranmu, yawancinsu abu biyu ne ke kashe su: kunnen da ba a horar ba, da takardar da ba a rubuta ba.

Sana'o'i biyu ne, ko da yake a wurinmu mutum ɗaya kan riƙe su. Na farko shi ne wanda kamfanoni ke kira A&R. Shi ne mai farautar mawaƙa: shi ke nemo mawaƙi, ya shawo kan kamfani ya zuba masa kuɗi, ya zaɓi waƙoƙin da za a ɗauka, ya haɗa shi da furodusan da ya dace, ya tsare kasafi har waƙa ta fita. Albashi yake ci, kuma idan mawaƙan da ya kawo suka yi ta faɗuwa, shi ake fara sallama. Na biyu shi ne furodusa, wanda ke da alhakin abin da kunne zai ji.

Mai farauta ba ya yarda da yawan mabiya. Ana sayen mabiya, ana sayen kallo. Abin da yake yi shi ne ya ce wa mawaƙi ya buɗe masa shafin alƙaluma na YouTube Studio ko na TikTok a wayarsa, a gabansa. Zai duba daga wace ƙasa masu kallon suke: waƙar Hausa ce, to ya kamata a ga Najeriya da Nijar da Ghana da Sudan da Saudiyya. Idan ya tarar rabin kallon daga ƙasar da ba Bahaushe ko ɗaya ya fito, an saya ne. Zai duba inda mutane ke barin waƙar. Idan layin da ke nuna yawan masu saurare ya faɗi ƙasa kafin daƙiƙa 30, akwai matsala babba, domin Spotify ba ya lissafa sauraro sai ya kai daƙiƙa 30. Zai kuma duba ko wasu na ɗaukar sautin suna ɗora nasu bidiyon a kai ba tare da an biya su ba, wanda ya fi kowace alama gaskiya.

Bayan alƙaluma sai murya tsirara. A zaunar da mawaƙi a ɗaki, ba kiɗa, ba gyaran na'ura, ya rera waƙoƙi uku. A nan ake jin ko yana riƙe karin da ya ɗauko har ƙarshen baiti ko yana zamewa ƙasa, a ina yake jan numfashi, iya ina muryarsa ke kaiwa sama kafin ta tsage. Sai a ba shi wani kari sabo a ce ya maimaita. Wanda ya kama a karo na biyu, aiki da shi zai yi arha. Wanda sai an yi sau goma, kuɗin situdiyo zai cinye ribar. Ana tambayarsa waƙoƙi nawa ya rubuta da ba su fita ba. Mai waƙa ɗaya da ta yi tashe, ba shi da wasu goma a littafi, caca ce.

Akwai tambayoyin da kunya ke hana mutanenmu yi, kuma su ne ke dawowa su ci mutum. Ya taɓa sa hannu da wani? Kiɗan waƙar da ta yi tashen, nasa ne ko daga intanet ya sauke? Shekarunsa nawa? In bai kai 18 ba, waliyyinsa ne zai sa hannu. Gidansu sun sani? Ga 'ya mace musamman, kamfanin da ya kashe kuɗi kafin ya zauna da iyaye yana iya wayar gari an ce a sauke komai. Sai maganar takardun zama. Ɗan ƙasa, irin zuriyar da ke ɗauke da sunan Hausawi, ƙofa a buɗe take gare shi ya yi rajistar kasuwanci ya nemi lasisi. Baƙo mai iƙama, wato takardar zama, kuwa doka ba ta ba shi damar yin aikin kuɗi a wajen kafilinsa da sana'ar da aka rubuta masa ba, kuma buɗe situdiyo da sunan ɗan ƙasa alhali na baƙo ne, wanda ake kira tasattur, laifi ne mai tara da ɗauri da kora. Taron da ake sayar wa tikiti shi ma sai da izinin hukuma. Mai farauta da bai san waɗannan ba zai jefa yaron mutane cikin masifa.

A ina ake samun muryoyin? A ɗakunan biki na kudancin Jidda, a wuraren walima da sunan jariri, cikin masu bege da masu nashidi, da cikin 'yan amshin wasu mawaƙan. Kasuwar da ta fi biyan kuɗi a hannu a Hijaz ita ce ta biki: waƙar rakiyar amarya da ake sa sunanta da na ango da na iyaye. Gidaje da yawa ba sa son kayan kiɗa, saboda haka furodusa mai hankali kan fitar da kowace waƙa kashi uku: mai cikakken kiɗa, mai duffi kaɗai, da wadda murya ce zalla, inda ake jera muryoyin 'yan amshi su cike gurbin kiɗan. Tun ranar ɗauka ake shirya wannan. Idan aka bar kiɗa yana yoyo daga hedifon zuwa makirfo, to ta ukun ta lalace, domin za a riƙa jin ƙyas-ƙyas ɗin kiɗan a bayan murya.

Mu shiga situdiyo. Ɗaki ya fi makirfo muhimmanci. Ginin siminti da tayil, irin gidajen hayarmu, yana mayar da sauti, murya ta fito kamar daga banɗaki. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya maganin komai, siririn soso kuma sautin sama kawai yake sha ya bar gurnanin ƙasa. Abin da ke aiki shi ne allunan audugar dutse masu kaurin santimita 10, a naɗe da yadi, a kusurwoyi da bayan mawaƙi da gefen lasifika biyu. Na'urar sanyaya ɗaki dole a kashe ta lokacin ɗauka. A zafin Jidda hakan na nufin a sanyaya ɗaki sosai, a kashe, a yi ɗauka na minti goma zuwa sha biyar, a sake kunnawa. Laimar teku kuma tana sa makirfo mai kwandensa ya riƙa tartsatsi, don haka a mayar da shi akwatinsa tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi. Wani abin da ke rikita wanda ya koyi aiki a Kano: wutar Saudiyya tana gudu a kan 60 Hz, ta Najeriya a kan 50. Idan gurnanin wuta ya shiga waƙa a nan, a 60 da 120 da 180 za a neme shi. Wanda ya yanke 50 bisa sabo ya rage wa kiɗa nauyi, gurnanin yana nan daram.

A ɗauki sauti a 24-bit, 48 kHz in za a yi bidiyo. A saita ƙarfin shiga yadda ihu mafi ƙarfi ba zai wuce -6 dB ba, galibin waƙar tana yawo wajen -18 zuwa -12. Sautin da ya buga ja a ma'aunin ƙarfi ya tsage, babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. Bakin mawaƙi ya kasance santimita 15 zuwa 20 daga makirfo, da rariyar iska a tsakani. Hausa tana da haruffa masu fashewa, ƙ da ts, waɗanda ke dukan makirfo fiye da na Larabci, shi ya sa ake ɗan karkata makirfon gefe kada ya fuskanci baki kai tsaye. Lokacin ɗauka a rage bafa, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke tara sauti kafin ta fitar, zuwa 128 don kada mawaƙi ya ji muryarsa tana makara a kunne, lokacin miksin, wato haɗa murya da kiɗa a daidaita su, a mayar da ita 1024. Kalangu kuwa makirfo mai ƙarfi irin SM57 ya fi dacewa da shi, ɗan nesa kaɗan da fatar, a kuma bar makaɗi ya ɗumama ta tukuna, don sanyi da laima na sauya mata murya. Kada a ja bugunsa a daidaita shi cif-cif da layukan kwamfuta. Wannan ɗan gaba da ɗan baya da yake yi, musamman a kiɗa mai awon 6/8, shi ke sa ƙafa ta motsa.

Inda muka fi ganin ɓarna shi ne Auto-Tune, manhajar da ke jan murya ta hau kan kari, kuma a nan yaranmu suna da matsalar da na gida ba su da ita. Yaron da ya tashi a Makka kunnensa ya sha maƙamai, wato tsare-tsaren karin waƙa na Larabawa. Maƙaman Bayati da Rast suna da sautin da ke tsakiyar maɓallai biyu na fiyano, rabin rabi. Manhajar, in an bar ta yadda ta zo, ba ta san da wannan sautin ba, sai ta fizge shi sama ko ƙasa, murya ta riƙa rawa kamar an shaƙe ta. Gyaran shi ne a shiga jerin sautukan manhajar a sauke wanda abin ya shafa da senti 50, wato rabin tazarar maɓallai biyun, a yi haka a fiyanon ma. Fiyanon Korg da Yamaha da ake yi wa kasuwar Gabas suna da maɓallan hakan. In kuma karin na Hausa ne tsantsa, wanda galibi sautuka biyar yake bi, a cire sauran daga jerin don kada murya ta sauka inda ba gidanta ba.

Sai harshe. Hausa tana da hawa da sauka, kuma karin waƙa ba ya cin karo da su sai ma'ana ta tafi. Kukan yaro da kukar miya a rubuce ɗaya suke, a baki ne suka bambanta. In karin ya sauke gaɓar da ya kamata ta tsaya sama, mai sauraro a Katsina zai yi dariya a wurin da aka so ya ji tausayi. Haihuwar nan da yawa Hausarsu ta sha Larabci, suna gajarta wasali mai tsawo, suna mayar da ɗ da ɓ kamar d da b. Aikin furodusa ne ya zaunar da wanda ya iya harshen sosai ya bi baitocin ɗaya bayan ɗaya kafin a kunna makirfo. Ba muna cewa a goge launin Hijaz ba ne. A ganinmu wannan gaurayen, Hausa a kan duffi da tafin rawar mizmar ta Hijaz, shi ne hajar da babu mai ita sai mu, kuma kwaikwayon abin da ake yi a situdiyoyin Kano asarar ta ne. Kuskuren ma'ana kawai za a cire.

Miksin da masta, wato gyaran ƙarshe na sautin waƙa, ba za mu tsawaita ba. A yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz a murya, a rage kaifin "s" wajen 5 zuwa 8 kHz, a saurari waƙar a lasifikar waya guda ɗaya, domin a nan mafi yawan mutanenmu za su ji ta. Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa -14 LUFS, saboda haka matse waƙa don ta fi ta kowa ƙara ba ya ƙara komai sai gajiyar kunne. A bar kololuwa a -1 dB. A fitar da kowane layi, na murya da na kowane kayan kiɗa, daban a fayil ɗin WAV, dukkansu daga farkon waƙa, a ajiye a wuri uku. Kada a tura masta ta WhatsApp a matsayin sauti, zai matse ta. A tura a matsayin fayil.

Yanzu ga takarda, wadda ita ce dalilin wannan wasiƙa. Kowace waƙa dukiya biyu ce. Akwai waƙar kanta, baitoci da kari, mallakar waɗanda suka ƙirƙira. Akwai kuma sautin da aka ɗauka, wato masta, mallakar wanda ya biya kuɗin ɗauka in an rubuta hakan. Kowace tana da kuɗinta daban. Al'adarmu ita ce a biya mai fiyano kuɗin zama a sallame shi, ba a rubuta komai ba, sai waƙa ta yi tashe a fara kai ƙara wurin dattawan unguwa. Maganin wannan shafi ɗaya ne, a cike shi kafin kowa ya bar situdiyo: sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katinsa, abin da ya yi, kasonsa cikin ɗari, sa hannu. Jimilla ta zama 100. 'Yan amshi da makaɗan da aka biya kuɗin zama su ma su sa hannu cewa an sallame su. Furodusa a kasuwar duniya kan karɓi kuɗin aiki, sannan kashi 3 zuwa 5 na kuɗin masta, in kuma shi ya ƙirƙiri kiɗan yana da rabo a waƙar kanta. Wanda ya zaɓi ya sayar da komai ya karɓi kuɗi sau ɗaya, ba laifi, amma a rubuta.

Kuɗin da kamfani ke ba mawaƙi a farko bashi ne da za a cire daga kasonsa, kuma yawancin yara ba su san lissafin ba. A ce an ba shi riyal 20,000, an kashe 10,000 a situdiyo, kasonsa kuma kashi 20 ne. Sai waƙoƙin sun kawo riyal 150,000 kafin ya ga ko halala ɗaya, domin daga kashi 20 ɗinsa ake cire 30,000 ɗin, ba daga jimillar ba. Mai farauta na ƙwarai yakan zauna ya yi wa mawaƙi wannan lissafin da biro kafin sa hannu, don wanda ya gano daga baya ba ya sake yin waƙa mai daɗi. A duba shekarun yarjejeniya, yawan waƙoƙi, ƙasashen da ta shafa, ko kamfani na da kaso a kuɗin biki da talla, da ranar da masta za ta dawo hannun mai ita. In an rubuta da Larabci da Turanci, a fayyace wanne ne abin dogaro. Kotunan nan da Larabci suke aiki. Haƙƙin mallaka a nan yana hannun SAIP, hukumar kare haƙƙin fasaha ta Saudiyya, a Najeriya kuma dokar 2022 ce ke aiki, kuma waƙar da za ta yi kasuwa a ƙasashen biyu tana bukatar a san duka.

Wajen fitarwa ma ana tafka kurakurai masu tsada. Ana ɗora waƙa ta hannun dillalan intanet irin DistroKid ko TuneCore, su raba ta zuwa Spotify da Anghami da Apple Music da sauransu. A tabbatar Audiomack da Boomplay na ciki, don can 'yan gida suka fi sauraro. Asusun ya kasance da sunan mai masta. Furodusa ya buɗe da imel ɗinsa "don sauƙi", ranar da suka ɓata shi ke nan, kuɗi da waƙa suna hannunsa. Kowace waƙa tana samun lambar shaida ta ISRC mai haruffa da lambobi 12, a rubuta ta a ajiye, domin da ita ake ƙaura zuwa wani dillali ba tare da an rasa lissafin sauraro ba. Hoton bango 3000 sau 3000. Sunan mawaƙi rubutu ɗaya tak har abada, in ba haka ba waƙoƙinsa su warwatsu a shafuka uku ko su faɗa shafin wani mai irin sunan. A ɗora mako uku zuwa huɗu kafin ranar fita, don Spotify na bukatar aƙalla kwana 7 kafin editocinsa su duba. Tun 2015 ranar Juma'a duniya ke fitar da sabbin waƙoƙi. A kauce wa Ramadan da kwanakin Hajji in ba bege ko nashidi ba ne. Waƙar biki kuwa a shirya ta kafin ƙaramar Salla da hutun makarantu.

Kiɗan haya da aka saya a intanet, wanda aka sayar wa mutum hamsin, ba a sa shi a Content ID, tsarin YouTube na gano masu ɗora sautin wani, kuma yana da iyakar sauraro a takardarsa. Gutsuren tsohuwar waƙar wani makaɗi, ko daƙiƙa uku ne, sai da izinin magadansa da na mai masta. Maganar cewa ƙasa da daƙiƙa kaza halal ne ba ta da tushe a doka. Sayen sauraro kuma yanzu yana jawo tara daga dillali da sauke waƙa.

Kada a sa rai da kuɗin intanet da wuri. Yakan makara wata biyu zuwa uku, kuma tun 2024 Spotify ba ya biyan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba. Sauraro daga Saudiyya ya fi na Najeriya kuɗi, saboda kowace ƙasa da tukunyarta, kuma kuɗin rajista a nan ya fi tsada, don haka masu sauraro dubu a Jidda da Riyad ba abin rainawa ba ne. Dillalan Amurka za su nemi a cike fom ɗin W-8BEN, kuma tun da Saudiyya da Najeriya ba su da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka, za a cire kashi 30 daga abin da aka samu a can.

Mai son shiga sana'ar ya fara da zama yaron situdiyo: naɗe waya, saita makirfo, rubuta wace ɗauka ce ta fi, gyara numfashi a murya. Hukumar Kiɗa tana da cibiyoyin koyarwa a Riyad da Jidda da Khobar, taron masu sana'ar waƙa na XP a Riyad kuma wuri ne na haɗuwa da ma'aikatan kamfanoni. Abin da za su nema a gani shi ne waƙoƙi uku da aka gama, da takardar rabon kowace a haɗe.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu aikin situdiyo,
Jidda, Saudiyya.